Taguwar Baffanka Habu

Zuwa ga ɗana Mutari,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga mahaifinka Lawali, da innarka, da duk wanda ka bari a gidan nan. Allah Ya sa ka buɗe takardar nan kana cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sauke ka Kano lami lafiya, Ya haɗa ka da mutanen da za su riƙe ka da gaskiya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, alhali jiya mun wuni a zaure ɗaya ban ce maka komai ba sai “miƙo zare” da “gyara wuyan nan.” Haka Allah Ya yi ni, abin da hannuna yake iyawa bakina ba ya iya shi. Innarka ce ta tsare ni, ta ce in ba zan yi magana ba to in rubuta, kada yaro ya bar gida kamar wanda aka aika sayen goro. Na ce ta gaya maka ka karanta tun kana tasha, kafin mota ta cika, domin akwai aike a ciki, kuma aiken a kan hanya yake, ba a Kano ba.

A ƙasan jakarka akwai ƙunshi cikin farin ƙyalle. Ba naka ba ne. Na baffanka Habu ne, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda yake zaune a Guna, garinmu na asali. Ka san shi sama-sama, ka kuma san shekara goma ke nan bai tako zauren nan ba, amma ba ka taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Ina so ka sauka a mararraba, ka ratsa Guna, ka damƙa masa ƙunshin nan hannu da hannu, ka kwana, sannan ka wuce. Ban sani ba ko zai karɓa. Abin da ya hana ni sukuni ke nan, kuma shi ya sa zan ba ka labarin tun daga tushe, har da wuraren da ban fito da kyau ba.

Kai ba ka san Birnin Damagaram da na sani ba. Lokacin da kakanka ya kawo ni daga Guna ya damƙa ni ga Malam Sanusi maɗinki, gyaɗa ce take mulkin ƙasar nan. In kaka ta yi, lungunan nan masu yashi da kake ƙorafin suna cika maka takalmi, sai ka raɓa da bango kafin ka wuce, saboda jakai da buhuna. Ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli yana tsallako katanga ya same mu a kan aiki, dukawa suna can gefe suna bugun fata suna zolayar masu wucewa. Ranar Alhamis mutanen ƙauye su cika zauren Malam da yadi a hammata, kowa yana cewa a yi masa da faɗi, kada a yi masa rowa. A shekarun nan abin da kunnenmu ya saba ji shi ne “a ƙara.” A ƙara wa wando ƙugu, a ƙara wa taguwa hammata, maigida ya yi teɓa. Sai mu yi wata guda ba mu ji wanda ya ce a rage ba.

Duk da haka Malam Sanusi, Allah Ya jiƙansa, ya fi tsananta mana a kan ragewa fiye da kowane aiki. Mutum ne mai tsinin baki, ba ya son a cakuɗa masa kalmomi. In ka ce za ka datse, to tsawo za ka taɓa. In ka ce za ka tsuke, wuri ɗaya za ka matse, kamar bakin ƙafar wando. In ka ce za ka yanke, ka raba yadi da ɗan'uwansa ke nan, babu komawa. Ragewa kuwa daban take. Ranar da ya fara ba ni taguwar wani in rage, na kai hannu ga almakashi, sai na ji sandar awo a bayan hannuna.

“Wa ya ce ka yanke? Cewa aka yi ka rage.”

Na ce, “Malam, ai in ba a cire ba, ba ta raguwa.”

Ya karɓe taguwar ya juya cikinta waje, ya ninke abin da ya yi yawa gefe da gefe, ya kwantar da shi da farce, ya bi shi da dogon ɗinki wanda tsinin allura kaɗai ya isa ya warware. Ya mayar da ita daidai ya ɗaga. Ta ragu, kuma ba ka ganin komai daga waje. Sannan ya ce, “Mai rigar nan zazzaɓi ya yi. Nan da wata biyu zai dawo da jikinsa ya ce ka buɗe masa. Me za ka buɗe in ka zubar? Wanda ya ce ka rage masa, yanzu yake nufi, bai ce har abada ba.”

Na riƙe wannan karatu kamar sunana. Na buɗe nawa zauren, na yi aure, aka haife ka, Malam ya rasu ya bar mini almakashinsa. Sai fari ya zo, na farko, kana ɗan shekara shida. Ba sai na kwatanta maka fari ba, ga shi ya dawo bana kana gani da idonka, shi ne ma ya sa keken ɗinki ɗaya ya kasa ci da mu biyu har za ka tafi. Amma wancan ya same mu ba mu san irinsa ba. Damina ta zo ta yi yayyafi ta wuce, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Ta biyu ta fi ta farko muni. Makiyaya suka sauko daga arewa suka zauna a bayan gari babu ko akuya, mutanen ƙauye suka shiga tonon gidan tururuwa da jiƙa 'ya'yan anza don ɗacin ya fita. Kalmar nan da muke wata ba mu ji ba ta zama ita ce a bakin kowa. Mata sun rage awo, daga tiya biyu zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa rabi. Masu biki sun rage kwanaki, har masu hira a ƙofar gida sun rage murya. Ni kuwa a zaure babu mai kawo sabon yadi. Kowa da tsohuwar rigarsa a hannu, ya sunkuyar da kai ya ce, “Tela, a ɗan rage mini.” Da wannan aikin na ci da ku, ba na raina shi.

Kuskurena na farko na baki ne. A lokacin da gawayi nake rubuta awon mutane a jikin bangon zaure, kowa da layinsa. Akwai Mushe Isufu, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, mutum mai tsafta, ba ka taɓa ganin wandonsa babu guga. Ya zo da wanduna biyu wata ranar Lahadi, zaure cike da masu zaman hira. Na zagaya ƙugunsa da metir ɗin awo, na ɗaga kai na dubi tsohon awonsa a bango, sai bakina ya riga hankalina.

“Mushe, santimita goma sha ɗaya. Ina ka kai su? Ku da gwamnati take ci da ku?”

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce, “Suna gida, Lawali. Baƙi sun zo daga Tirmini, na raba musu.”

Daga baya na ji dangi sun cika gidansa har zaure, duk a wuyansa, shi kuwa sai ya sha ruwa ya tafi aji. Ya aiko aka karɓi wandunan, bai sake kawo mini aiki ba. In mun haɗu a masallaci yakan gaishe ni da fara'a, fara'ar nan kuwa ta fi mini zagi ciwo. A makon na kwaɓa jar ƙasa na shafe bangon.

To Mutari, kai ma bakinka da sauri yake, kuma a wurina ka gado, kada ka ɗora wa dangin innarka. In ka sa wa mutum metir, lambar ta tsaya tsakanin babban yatsanka da idonka. Kada ka faɗe ta, kada ka ɗaga gira, kada ka ce masa ya rame. Ya sani, shi ya ɗauko rigar daga gida. Ka tambaye shi mutanen gida, ku yi zancen zafin rana, ka ce ya dawo jibi.

Na biyu na ido ne, kuma har yau in na tuna sai in kasa haɗa ido da innarka. Ni da nake duban mutum daga bakin ƙofa in faɗi faɗin kafaɗarsa, ban ga matata tana ƙarewa a gabana ba. Dalili kuwa, zane ba ya zuwa wurin tela. Mace in ta rame sai ta ƙara zagaya shi ta soke, shi ke nan. Kullum ta kawo mana tuwon jar dawar nan ta taimako, ni da kai, in na ce ina nata sai ta ce, “Na ci a madafa, Malam, ku ci.” Ni kuwa in yarda, don yardar ta fi mini sauƙi. Wata rana da hantsi ta miƙo mini ruwa a ƙwarya, sai awarwaron da na saya mata na aure, wanda a da sai da sabulu yake fita, ya zame daga hannunta ya faɗa cikin ruwan. Muka tsaya muna kallonsa a ƙasan ƙwarya. Ta yi murmushi ta ce, “Ya gaji da ni ne.” Ban iya shan ruwan ba.

Tun ranar na ce akushi ɗaya za mu ci ni da ita, mutanen unguwa su faɗi abin da za su faɗa. Sun kuwa faɗa, har aka sa mini suna, ban damu ba. Ka riƙa duban waɗanda ba sa zuwa su ce a rage musu. A can za ka zauna da abokan aiki kuna cin kwano ɗaya. Wanda kullum shi yake fara tsame hannu ya ce ya ƙoshi, ka dubi wuyan hannunsa. Kai ma in abu ya yi maka tsanani, kada ka rubuto mana cewa ka ci a madafa. Mun san wannan karatun, a gidan nan aka fara shi.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye.

Da kakanka ya rasu, gona da rumbu suka zauna a hannun baffanka Habu, haka ma taguwarsa ta saƙi. Kakanka ƙaton mutum ne, in ya tsaya a ƙofar ɗaki sai ɗakin ya yi duhu. Taguwar nan kakarka ce ta kaɗa zarenta da hannunta, aka rina rabinsa baƙi, masaƙin garinmu ya saƙa. Kakanka ba ya sa ta sai Juma'a da Salla. Ina tuna in ya dawo daga masallaci mukan ruga ni da Habu mu shige ƙarƙashinta, kowa gefe guda, yana tafiya da mu yana tambayar mutane ko sun ga 'ya'yansa. Ƙamshin baba da goro take yi. Habu ya gaji jikin, ya gaji taguwar, babu wanda ya ce uffan, don shi kaɗai take yi wa daidai. Kuma kowace kaka, tun ina hannun Malam Sanusi, sai ya ɗoro wa jaki gero ya kawo mini Birni. Bai taɓa cewa rabona ne ko kyauta ce ba. Saukewa yake, ya sha fura, ya tsokane ni wai mutanen birni allura suke ci, ya koma.

A shekara ta biyu ta farin, ana saura kwana tara Sallar layya, Habu ya shigo zauren nan da ƙafa, jakin ya mutu. Da ya yi sallama ban gane shi ba sai da ya yi dariya. Taguwar tana rataye a jikinsa kamar an shanya ta a kan danga. Ya kwance wani ɗan ƙulli daga ƙugunsa, gero ne bai kai rabin tiya ba, ya ce a yi wa Mutari kunu. Daga baya na gane cikin irin shuka ya ɗebo.

Ya ce, “Lawali, taguwar Baba ta fi ƙarfina. Iska sai ta shiga ta yi ta yawo, yara suna mini dariya. Rage mini ita in samu ta zuwa Idi.”

Na ce, “An gama, Yaya.”

Ya tuɓe ya ba ni, ya ari tsohuwar rigata, ya tafi layin da ake rabon dawa. Na zauna da ita a cinya. Na juya cikinta, na ninke gefe da gefe, har na zura zare a allura. Abin da ya yi yawa ya kai buɗin hannu guda kowane gefe, gaba da baya. Sai na hango ka kana wasa a ƙofa cikin tsumma, ga Salla ta ƙarato, ba ni da ko ƙyallen da zan yi maka hula. Shekaru na yi ina gaya wa kaina don kai na yi. Rabin gaskiya ce. Sauran rabin shi ne, lokacin da ya tuɓe na ƙirga haƙarƙarinsa, a makon nan kuwa mutum huɗu muka kai makwanci daga unguwarmu, dukansu sun fi shi tsoka. Zuciyata ta ce mini wannan ba zai ga damina ba, yadin zai tafi a banza. Na ajiye allura na ɗauki almakashin Malam Sanusi. Saƙi yana da kauri, har yau ina jin ƙarar a kunnena.

Da la'asar ya dawo ya sa, ya juya kafaɗa, ya ce ta yi daidai, ta ma yi sauƙi. Bai duba ciki ba. Wa zai duba cikin rigar da ƙaninsa ya ɗinka? Ranar Salla ka fita da 'yar taguwar saƙi, kana tafe kana buɗe hannuwa, duk unguwa ana cewa ɗan tela ya fi kowa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba.

Amma Allah ba Ya aiki da awon tela. Habu bai mutu ba. Ruwa ya dawo, ƙasa ta yi kore kamar ba ita ba. Bayan kaka biyu sai ga shi da sabon jaki da buhu biyu, kumatu sun ciko, wuya ya yi kauri, taguwar a kafaɗa don ta ƙi shiga. Tun daga bakin lungu nake jin muryarsa.

“Ina telan nan? Fito ka buɗe mini rigata, na dawo!”

Ya jefo mini ita yana dariya. Ban motsa ba. Shi da kansa ya ɗauka ya juya cikinta, don ya sha ganin yadda nake yi wa mutane. Ya bi ɗinkin da babban yatsa daga hammata har ƙasa, ya koma ɗaya gefen ya bi. Dariyar ta tafi a hankali.

“Ina sauran?”

Da na ce masa na yi wa Mutari rigar Salla, wallahi da dariya zai yi, ya ce jikan Baba ne, ya fi kowa cancanta. Na san halinsa. Amma na ji tsoron kada ya hango abin da yake bayan wannan, sai na shiga kame-kame. Na ce saƙin ya tsufa ba ya ninkuwa, na ce haka ake yi yanzu.

Ya dube ni ya ce, “Kowa ka ninke masa, Lawali. Har baƙon makiyayin da ba ka san sunansa ba, a gabana ka ninke masa.” Sannan ya ce, “Ashe ran nan gawa ka auna.”

Bai ɗaga murya ba. Ya ninke taguwar ya ajiye a kan keke, ya fita ya sauke geron a ƙofar gida kamar kullum. Innarka ta kawo fura, ya ce ya gode, a ƙoshe yake. Ya ja jakinsa ya tafi.

Ba a ba tela sanin wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba, Mutari. Bana za ka ga mutane da yawa waɗanda yunwa ta koro, za su kawo maka rigunansu. Ko ka ga mutum iska tana kaɗa shi, ka ninke masa, ka bar masa wurin dawowa. Yadinsa ne, kuma ransa ba a hannunka yake ba.

Kuskure na ƙarshe shi ya fi tsawo, don shekara goma na yi ina yin sa. Guna ba nisa, wuni ɗaya ne a kan jaki. Ban je ba. Na ce wa kaina, a kan ƙyalle mutum zai yi fushi da ɗan'uwansa? Shi ne babba, shi ya kamata ya yi haƙuri. Da abin ya ishe ni sai na samo shadda mai kyau, na ɗinka masa kaftani na aika. Ya dawo mini da shi a ninke yadda na aika, da saƙon cewa yana da riga. Na ƙara jin haushi, na ce to ya zauna. Sai daga baya na gane ba riga ya rasa ba. Magana ɗaya yake jira, ni kuma na aika masa da yadi don kada in faɗe ta. Muna haɗuwa wurin jana'iza ko suna, mu gaisa da kan yatsu, ya tambayi iyali, in tambayi gona. Geron kuwa bai fasa ba ko shekara ɗaya, sai dai wani yake ba wa ya kawo. Duk tuwon da ka ci har ka yi wannan tsawon da kake sunkuyawa a ƙofar zaure, da geron baffanka a ciki.

In ka ɓata wa mutum, ka je tun abin yana ɗanye, ka faɗi ainihin abin da ka yi, ba wani mai kama da shi wanda ya fi sauƙin faɗa ba. Kyauta ba ta tsaya wa mutum a madadin ban haƙuri, na gwada na gani.

Ka ga dai yadda daminar bana ta yi. Watan jiya mutumin da yake kawo geron ya zo hannu rabbana. Ya zauna nan inda kake zama, ya ce Habu ya ce a ba ni haƙuri, rumbu babu komai, kada in ga kamar ya manta da ni. Na tambaye shi jikinsa. Ya ce, “To Malam, sai godiya. Ya dai koma kamar wancan karon.” Shi yake ba ni haƙuri, Mutari. Na rasa inda zan sa kaina.

Na shiga gida na gaya wa innarka. Ta shiga ɗaki ta daɗe tana motsi a cikin adudunta, ta fito da 'yar taguwarka ta Salla ta ajiye mini a cinya. Ashe duk shekarun nan tana wurinta, ta hana a ba kowa. Ta ce, “Na san wata rana za ka neme ta. Ka dai daɗe.”

Kwanakin nan da ka ga ina ta korar ka kasuwa neman zaren da ba ma buƙata, aikin da nake yi ke nan. Na warware 'yar rigar ɗinki bayan ɗinki, na fito da taguwar daga akwati na farke gefunanta, na mayar da kowane ƙyalle inda nake jin daga nan ya fito. Da hannu na yi, keke ba ya son tsohon saƙi. Ba ta koma yadda take ba, ba kuma za ta koma ba. Naka ƙyallen ya koɗe saboda wanki, akwai tabon mangwaron Mirya da ya ƙi fita, akwai inda ka yage a katangar maƙwabta ka ce akuya ce. Wurin da na fafe maka wuya ya bar rami, na cike shi da ƙyalle daga rigata ta Juma'a. Duk wanda ya duba zai ga an yanke an mayar, ban yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Amma faɗinta ya koma na kakanka, sau uku na auna.

Innarka ta ɗaga ta ta ce, “Yanzu da ya rame za ka aika masa? Ai za ta yi masa yawa.”

Na ce na sani. Shi ya sa nake so ta isa yanzu. In na jira sai ya murmure sannan na aika, tela ne kawai ya gyara riga.

Za ka ce me ya hana ni kaiwa da kaina. Zan iya cewa gwiwa ce, amma na yi niyyar ba zan yi maka ƙarya a takardar nan ba. Tsoro nake ji kada ya ninke ta ya miƙo mini a gaban iyalinsa. Ka ga irin uban da kake da shi, yana ba ka nasihar da shi bai gama haɗiyewa ba. Kai kuwa ba zai kore ka ba, kuma tunda a jikinka yadin ya kwana, kai ya fi dacewa ka mayar. Amma ko ya karɓa ko bai karɓa ba, Juma'a ta sama ina tafe Guna da ƙafata, in faɗa masa maganar da bakina. Ka gaya masa haka a gaban mutane, don kada in samu hanyar fasawa.

In ka isa ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata. Garin rogon da innarka ta ƙulla, ka shiga ciki ka ba matarsa, kada ka ajiye a gabansa. Kada ka kalli wuyansa. In an natsu ka miƙa ƙunshin da hannu biyu, ka bar shi ya juya cikinta, zai juya. In ya tambayi tabon mangwaro ka ce naka ne, ka ba shi labarin rigar Salla. Sauran rabin ka bar mini, nawa ne. In ya sa ta ya ga tana yawo a jikinsa, ya ce tunda kai ma tela ne ka rage masa, ka ce, “Baffa, Baba ya ce kada a taɓa ta. Ya ce za ka cika ta.”

In ya matsa, to ka san aikin. Ka ninke, ka bi da dogon ɗinki irin wanda tsinin allura yake warwarewa.

Sauran nasiha ka sha jin ta a bakin innarka. Ka riƙe salla. Takardunka ka sa su a aljihun ciki saboda jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastan, a bakin iyaka. Aljihun hagu in ka ɗinka har yanzu yana ɗan karkata, ka gyara hannunka kafin Kanawa su yi wa Damagaram dariya. Taguwar tafiya da na yi maka, in ka juya cikinta za ka ga na bar maka yatsa uku kowane gefe.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya kare ka daga sharrin hanya da na masauki, Ya sa albarka a allurarka. Allah Ya sauko mana da ruwa, Ya mayar wa kowa da jikinsa, Ya nuna mini ranar da za ka tsaya a bakin lungun nan ka ce in fito in buɗe maka riga. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa ci a zaune.

Almakashin Malam Sanusi yana cikin jakarka, na ba ka shi. Na ɗaure bakinsa da zare. Kada ka kwance sai ka bar Guna.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Lawali tela, Birni, Damagaram.